Kilo Hamsin da Bakwai

Salamu alaikum masu bin wanga paj namu. Don Allah ku yi mini hanƙuri, ni ban iya tsara magana ba kamar manya. Hausar ma ba a lakkol, wato makarantar boko, anka koya muna rubuta ta ba, yadda muke yin ta gida haka nike sa ta. In kun ga kure ku wuce shi. Salular ma, wato wayar da nike rubutu da ita, ba tawa ba ce, ta yayata ce, ta bar ta ta tahi gidan suna. Ina so in gama kahin ta dawo.

Akwai wani tela a garin Buza, ana ce mishi Alƙasim. Aikin zare na wuyan riga shike yi, kuma ya iya ƙwarai. Har daga Babankatami da Bangi ana kawo mishi yadi.

Alƙasim siriri ne. In ya tuɓe riga kana iya ƙirga haƙarƙarinai daga bakin ƙohwa. Kuma shina taƙama da haka. Kullum sai shi ce: "Ni wandon aurena har yau shina shiga ta. Ban san hanyar likita ba."

Da an sallame Asuba shike buɗe shago. Ba shi ruhewa sai bayan Isha da nisa. Ran Juma'a ma daga masallaci sai bisa keken ɗinki. Salla kaɗai ke tada shi, ita ma nan bakin shago shike yin ta, shi koma shi zamna.

Matatai Furera tana aika mishi da abinci, kwanon shi dawo da rabi, ya yi sanyi. Abin da ke riƙe shi shayi ne. Butar shayi ba ta sauka bisa gawayi tun sahe, kuma sukari da hannu shike zuba shi, ba da cokali ba. In yunwa ta matsa, burodi da madarar gwangwani. In rana ta yi zahi, lemun kwalba mai sanyi, biyu ko ukku.

Shina da wani taubashi, ɗan gwaggonai, sunanai Habibullahi, mai sayar da albasa. Shi kuma ƙato ne, tumbinai ke riga shi shiga ɗaki. Kun dai san wasan taubasai, ka tsokani naka yadda ka ga dama, ba shi da damar hushi. Alƙasim na ce mishi Buhu, shi kuma shina ce ma Alƙasim Allura.

In Habibullahi ya zo awon riga, Alƙasim sai shi ɗauko mitir ɗin awo shi kira mutanen kasuwa.

"Ku zo ku riƙa mini can gehen! Mitir guda ba ya zagaye wanga bawan Allah."

"Allura, kai dai ka ci abinci," in ji Habibullahi. "Ran da iska mai ƙarhi taz zo, a Keita za mu tsinto ka."

"A tsinto ni da raina. Kai kuwa kitse zai kashe ka, ni zan ɗinka maka likkahwani, yadi goma sha biyar."

Mutane su yi ta dariya.

Wata rana ciwon ciki yad dami Habibullahi, anka ce shi tahi Madawa a yi mishi eko, wato hoton da ake ɗauka na cikin ciki. Tsoro yak kama shi. Alƙasim kuwa dama zai tahi sayen zare, sai sunka tahi tare.

A can ma bai bar tsokana ba. Ana shahwa ma Habibullahi wani mai bisa ciki, shi kuma shina cewa: "Malam, na'urarka ba ta kaiwa ƙasa, sai ka samo guga."

Da Alƙasim yat tashi daga benci sai yad dahe gehen dama, ƙarƙashin haƙarƙari, yay yamutsa huska. Mai ɗaukar hoton yal lura, yac ce: "Kai ma wurin na maka ciwo?"

"Zama ne. Ko wane tela haka shike."

Habibullahi yas samu abin da shike nema. "Hau mana, Allura! Ko tsoro kake ji a gano ba komi cikinka sai zare?"

Don kada taubashi shi ci shi da baki, Alƙasim yah hau sikeli anka auna shi, yak kwanta anka ɗauki hoton. Daga baya anka ba su ambulan biyu, anka ce su jira likita, za ta gan su bayan Azahar ta yi musu bayani.

Alƙasim yad dubi agogo. Riguna huɗu na ango na jiran shi a shago.

"Wa ke da wanga lokaci? Taso, Buhu, mota za ta tashi. Ina da ɗiya a lakkol, ita za ta karanta muna."

Ɗiyar tai sunanta Ni'ima, tana aji ukku na kolej a lokacin. Yarinya ce marar magana. In ubanta ya shigo gida ko tari ba ta son yi. Ba wai dukanta shike ba. Kallo ɗaya shike yi, kowa shi shiga taitayinai.

Da La'asar sunka iso, anka shimhiɗa tabarma tsakar gida. Furera na nan, Habibullahi na nan, har da maƙwabta biyu da sunka shigo yi musu sannu da hanya. Anka miƙa ma Ni'ima takardun.

Tab buɗe ta Habibullahi. Tac ce: "Baba Habibu, an ce hantarka lahiya lau, ƙoda ma lahiya lau."

Tab buɗe ta ubanta. Tak karanta cikin zuciya sau biyu. Sun yi karatun sassan jiki a lakkol, ta gane kalmomin.

"To, muna jin ki," in ji Alƙasim.

"An ce... hanta ta ɗan ƙara girma. An ce akwai kitse a cikinta da yawa. An ce a ga likita."

Sai Alƙasim yat tuntsire da dariya, har shina bugun cinya. Yaɗ ɗaga riga sama.

"Kitse? Ni? Jama'a ku duba! Ina na aje shi, cikin aljihu? Wallahi sun musanya takardun. Buhu, karɓi kayanka!"

Maƙwabta sunka yi dariya. Furera ma tay yi, tana cewa alhamdu lillahi. Habibullahi kaɗai bai yi ba, ya dahe tumbi, ido ya hito.

Amma Ni'ima na kallon takardar. Can sama, a kusurwa, da biro ɗaya da hannu ɗaya da anka rubuta sakamakon, an sa shekara arba'in da huɗu, an sa kilo hamsin da bakwai. Kuma bisa baƙin hoton kanshi, na'ura ta buga sunan Alƙasim da ƙananan baƙaƙe.

Tab buɗe baki.

Ubanta yaj juyo yak kalle ta, shina murmushi, mutane na kallo. "Ko ba haka ba ne, Ni'ima? Musanya anka yi."

Tac ce: "I, Baba."

Kalma biyu ke nan. Shekara ɗaya da rabi tay yi tana jin su cikin kunnenta.

Alƙasim yaj jehwar da takardar, ko shayi bai tsaya sha ba a gida, yak koma shago. Ni'ima taɗ ɗauke ta, tan ninke, tas sa cikin wani tsohon kaye nata, littahin rubutu na lakkol, tat tura ƙarƙashin katihwa.

Habibullahi kuwa ya yarda ciwon nashi ne. Washegari yat tahi wurin majo, wato babban ma'aikacin likitar gari, yac ce: "An ce ina da kitse a hanta, mi zan yi in rayu?" Majo yac ce shi rage sukari, shi bar lemun kwalba, shi riƙa tahiya da ƙahwa, shi yi barci isasshe. Habibullahi yab bi dut. Yab bar hawa moto, wato babur, zuwa garka, lambun albasa, kullum da ƙahwa, shina haki, yara na mishi dariya.

Alƙasim in ya hango shi sai shi ɗaga kohin shayi. "Buhu, a zuba maka? Af, na manta, kai marar lahiya ne!"

Ni'ima in ta ji, sai ta tuna da takardar da ke ƙarƙashin katihwa.

Wata rana bayan an tashi aji, tat tsaya wurin madam ɗin da ke koya musu ilimin jikin mutum.

"Madam, wai siririn mutum zai iya samun kitse a hanta?"

"Ƙwarai kuwa. Wa ke da shi?"

"Wani ne... a unguwarmu."

Madam tac ce kitsen da ke ƙarƙashin hwata daban, wanda ke taruwa cikin hanta daban. Tac ce mutum na iya zama kamar kara, hantarshi na cike. Tac ce masu bincike sun lura waɗanda ke daɗewa bisa aiki, awoyi masu yawa ko wane mako, ba motsi, ba barcin kirki, ga sukari, sun hi shiga haɗarin, ko da sirara ne.

"To mi shike yi ma mutum, Madam?"

"Abin tsoron ke nan. Da hwari ba ya cewa komi. Gajiya kawai, ko nauyi a gehen dama. In an tare shi da wuri shina komawa. In an bar shi, hanta na iya kumbura, daga nan ta hwara tauri. Wurin da yat taurare da wuya shi dawo."

Ni'ima tat tuna da wani maƙwabcinsu da yar rasu tana ƙarama. Ba ta san mi ke damun shi ba, amma ta tuna cikinai ya kumbura kamar tulu, hannuwa kamar tsinke, ido rawaya. Shi ma siriri ne.

Daga ranar, ko wace sahiya in ta durƙusa gaida ubanta, ba gaisuwar take ba. Idonai take leƙe, ko hwarin ya sake launi. In ya tashi tana kallon cikinai. In ya dahe gehen dama sai ta ji kamar ita anka soka.

Sau nawa tah hiddo kayen nan, ta kai bakin ƙohwa, ta komo. Ta ce mi? Ta ce Baba, ranar nan gaban mutane kai ne ba ka da gaskiya, ni kuma ƙarya niy yi? Ko inna ba ta iya gaya ma ba.

Abin da ta iya kaɗai, in an aike ta kai mishi sukari, sai ta rage a hanya ta maida ma inna cikin gwangwani. Kwana ukku yag gane.

"Ke, ɓera ke bin ki a hanya?"

Ba ta ƙara ba.

Haka har Sallar Layya ta biyu tam matso. Kun san yadda teloli suke a wanga lokaci. Kaya har rufi. Alƙasim ya ƙara ramewa, in shina magana sai shi tsaya shi huta. Shi ce azumin Arhwa ne ke tahe, jiki ya sani.

Saura kwana shidda Salla, da tsakar rana, Ni'ima tak kai mishi abinci. Tun daga waje taj ji keke na gudu, gudu ɗaya ba tsayawa. Tal leƙa.

Ubanta ya kihwa kai bisa teburin keke, ƙahwarshi na bisa abin takawa. Allurar keke na ta cin wata shuɗiyar shadda, zare ya bar wuyan riga ya yi ƙasa a karkace har ya tattare. Zuhwa ta jiƙa mishi wuya. Hannu ɗaya na dahe da gehen dama.

Kwano yas suɓuce mata. "Baba! Baba!"

Yaɗ ɗaga kai da ƙyar, yak kalle ta kamar bai san ta ba. Daga baya yac ce: "Kada ki tara mini mutane. Zahin rana ne."

Amma mutane sun ji. Anka kai shi gida bisa moto, mutum ɗaya na riƙe da shi ta baya. Habibullahi yaz zo da gudu daga kasuwa. Yanzu ya rage jiki ƙwarai, har rigunanshi sun mishi yawa.

Furera na kuka. Wata tsohuwa tac ce mataccen jini ne ya taru a gehen, a kira wanzami shi yi mishi ƙaho. Habibullahi yac ce to, bari shi kira shi. Alƙasim na kwance shina cewa a yi maza, riguna na jira.

Ni'ima na tsaye jikin bango. Tag ga Habibullahi ya sa takalmi. Tas san in ya hita, an yi ƙaho, gobe ubanta na bisa keke, shi ke nan.

Tash shiga ɗaki tad dawo da kaye. Ba ta iya kallon ubanta ba, sai tad durƙusa gaban Habibullahi.

"Baba Habibu, don Allah in tambaye ka."

"Ɗiyata, ba yanzu ba."

"Yaushe rabonka da kilo hamsin da bakwai?"

Duk da halin da ake ciki sai da yay yi 'yar dariya. "Ni? Tun kahin in hwara azumi."

Tam miƙa mishi takardar, tan nuna kusurwa da yatsa. Boko bai yi ba, amma mai awon albasa ya san lamba. Yad duba. Yas sake dubawa. Dariyar tab bar huskarshi.

"Ba a musanya ba," in ji Ni'ima, hawaye na zuba. "Ga kilo, ga shekaru, ga sunan Baba bisa hoton. Tun ranar na gani. Ƙarya niy yi da nic ce i."

Habibullahi yat tuɓe takalmin da yas sa, yaz zamna bakin katihwa.

"Alƙasim," yac ce. Ni'ima ba ta taɓa jin ya kira shi da sunanai ba. "Shekara ɗaya da rabi ina jinyar ciwonka, kai kana zuba mishi sukari."

Washegari da sahe sunka tahi Madawa, har da Ni'ima. Wagga karon sun jira likita. Anka ɗebi jini anka yi analiz, wato gwaji. Likita tac ce ba shi da ƙwayar cutar hanta da ake ɗauka. Tat tambaye shi ko shina shan giya, yac ce a'uzu billahi. Tat tambaye shi ƙarhe nawa shike buɗe shago, ƙarhe nawa shike ruhewa. Da yah hwaɗi, ta aje biro.

"Ko wace rana?"

"Ko wace rana."

"Shekara nawa?"

"Ta hi ashirin."

Tac ce hanta ta kumbura, sukarin jininai ma ya hau, kuma ga gajiya da rashin ci, shi yas sa ya kihe. Tac ce sai an tahi Tawa a duba ko hanta ta hwara tauri. Sa'an nan taɗ ɗauki tsohuwar takardar tad dubi kwanan wata.

"Malam, wagga ta shekara ɗaya da rabi. Ina kat tsaya?"

Alƙasim yas sunkuyar da kai. Habibullahi yac ce: "Likita, cewa yay yi tawa ce, don ni ke da tumbi."

"Tumbi ma haɗari ne, kada ka koma," in ji ta. "Abin da kay yi ya amhwane ka. Amma ni hanta nike dubawa, ba wando ba."

Kwana tara sunka jira kahin a tahi Tawa a dawo. A cikinsu anka yi Salla. Rigunan mutane anka rarraba ma wasu teloli. Gidan Alƙasim an yanka rago amma ba wanda yac ci da daɗi. Ni'ima in ta ga hantar rago bisa wuta sai ta bar wurin.

Sakamako yah hito. Anka ce wani sashe ya hwara tauri, amma bai yi nisa ba. Anka ce da ya zo tun takardar hwari, da wataƙila bai kai haka ba. Sauran ana iya tsare shi, in ya bi doka. Ko wane wata shidda sai ya koma an duba, kuma ba wanda yac ce musu an gama.

Ran da sunka dawo, da marece, yak kira Ni'ima. Taz zo tad durƙusa nesa, tana jiran hwaɗa.

"Matso. Don mi ba ki gaya mini ba tun ranar?"

Tad duƙar da kai.

"Ina jin ki."

"Tsoronka nike ji, Baba."

Yag girgiza kai. Sa'an nan yac ce: "Ni ina ganin girma ne ake ba ni a gidan nan. Ashe ɗiyata ta ga mutuwa na bi na, ta kasa ce mini in waiga."

Yanzu shagon Alƙasim na ruhewa da La'asar. Shayi sau ɗaya, sukari kaɗan, shina sha shina ɓata huska. Ko wane marece Habibullahi na zuwa bakin shago shi tsaya shi ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Taso, mai kitse! Garka za mu, da ƙahwa!"

Alƙasim shi rataye mitir, shi bi shi.

Ni'ima kuwa har yanzu in ta durƙusa gaisuwa da sahe, idonai take hwara dubawa.

Darasi: Sirantaka ba shaidar lahiya ba ce, ciwo na iya zama a ciki ba ya nunawa a waje. Aikin da ya hana ka ci, ya hana ka motsi, ya hana ka barci, jikinka shike ci a hankali. In likita ya ce ka jira, ka jira. Iyaye, kada ku bari tsoronku shi ruhe bakin ɗiyanku. Mu kuma ƙanana, in mun ga abin da zai cuci na gaba da mu, mu hwaɗi cikin ladabi ko murya na rawa, kada mu bari sai an kihe.

Don Allah ku tura ma wasu, musamman teloli da direbobi da masu zaman shago tun sahe. Kuma ku sa shi cikin addu'a, don ran Alhamis ne za a koma Madawa a sake duba Baba, wato Alƙasim nike nuhi, kuma tun jiya na ga kamar shina dahe gehen... inna na kira na, ga yaya ma ta shigo, bari in tura in aje mata salularta